Yatsu Biyu Daga Saman Shafi

Shekara talatin da ɗaya Dakta Sailuba ta yi tana shayar da ɓeraye barasa, amma a duk unguwar Limancin Kona ta birnin Zariya ba a taɓa samun wanda ya faɗi haka da bakinsa ba. In baƙuwa ta tambayi aikinta, matan gida su ce aikin asibiti take yi. In ta matsa, su ce binciken ƙwaƙwalwa. Yayanta Malam Abdulwahab kuwa, wanda gidan ya koma hannunsa tun rasuwar mahaifinsu, bai taɓa wuce "aikin nan nata" ba, shi ma sai ya ɗan kau da kai yake faɗa. Ba ƙinta ake yi ba. Gidan malamai ne kaka da kakanni, daɓen zauren ma zaman masu ɗaukar karatu ya goge shi har yana sheƙi. To da wane baki za a ce 'yar gidan ce ke auna giya tana zuba wa ɓera a ruwan sha?

Shi aikin ba shi da wuyar faɗi. Ƙwaƙwalwa sukari take ci, yadda fitila ke cin kananzir. Idan jiki ya daɗe yana karɓar barasa, hanta na farfasa ta zuwa wani sinadari mai tsami, ƙwaƙwalwa kuma ta fara sabawa da cin wannan tana rage cin sukarin. Abin da Sailuba take son ganowa shi ne a wane mako wannan sauyi yake farawa, a wane sashe na ƙwaƙwalwar, me ke faruwa ran da aka yanke barasar kwatsam, kuma ko bitamin ɗin da ake samu a dusa yana sassauta ɓarnar. Masu manyan injuna a wasu ƙasashe da shekara biyar sun gama sun koma wani abu. Ita kuwa injin auna haske ɗaya gare ta, da firiza mai saurin fushi, da Baba Dogara mai kula da ɓerayen. Haka ta yi ta tafiya ɓera bayan ɓera, abokan karatunta suka zama farfesoshi, ɗalibanta ma wasu suka zama, ita tana nan a Dakta har furfura ta cika mata kai.

Ba a banza ta maƙale wa abu ɗaya ba. Tana da ƙane, Suhaib, autan ɗakinsu, direban babbar mota, mai ban dariyar da ko mahaifinsu sai ya rufe baki da hannun riga in yana ba da labari. A hanya ya koyi sha. Da maganar ta iso gida, mahaifinsu ya yi abin da ya ga shi ne daidai: ya sa aka kulle shi a ɗakin ƙuryar gida, aka riƙa miƙa masa abinci da ruwan alwala ta taga, don jikinsa ya manta. Kwana uku ya fara karkarwa, na huɗu yana ganin abin da babu, na biyar ya faɗi yana shure-shure. Da aka buɗe ƙofa, wanda ya fito ba Suhaib ba ne. Zai gaishe ka sau biyar a zama ɗaya. Ka tambaye shi abin da ya ci da safe, ya shirya maka labarin tafiya Maiduguri da bai yi ba, yana murmushi. Gida aka ce iska ce ta taɓa shi. Shekara biyu ya ƙara, ya rasu yana da ashirin da uku. Sailuba a lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma tun daga ranar ba ta ƙara sha'awar wata tambaya a duniya ba.

Akwai kuma wata al'ada tata da ba wanda ya damu da ita sai da ta zama masifa. Ran da za a kai ta makarantar boko, mahaifinta ya kafa mata sharaɗi ɗaya: duk shafin da za ta buɗe, ta fara da sunan Allah. Ta riƙe. Kowane shafi na littattafan gwajinta, bisimilla ce a tsakiyar layin sama da rubutun Larabci irin na gidansu. Da yake mace ce mai tattalin takarda, a wannan layin dai take cusa sauran: kwanan wata a dama, a hagu kuma rukunin ɓeran, wato na barasa ne ko na ruwa zalla, makonsa nawa yana sha, an ba shi bitamin ko ba a ba shi ba. Ƙasa da wannan sai lambobi, jere bayan jere har gindin shafi.

Da ta cika sittin da biyar aka yi mata walimar ritaya, aka ba ta agogon bango, ta miƙa makullan ofis da na gidan ma'aikata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya, Su'ad, tana aure a Kano. Sai ta dawo gidan ubanta cikin birni da kayan ɗakinta da kwali shida. A cikin kwalayen akwai littattafan gwaji talatin da huɗu. Malam Abdulwahab da kansa ya ce a sa su a ɗakin littattafan marigayi Malam mahaifinsu, bayan zaure, don nan ne bai yoyo kuma gara ba ta shiga. Ta ji daɗin wannan karamci ƙwarai, har ta ɗan yi ƙwalla a ɓoye, ganin an ajiye takardunta kusa da na ubanta.

Kafin ta bar aiki ta riga ta tattara komai a maƙala ɗaya, doguwa, ta tura wa wata mujallar masana ta ƙasar waje. Tana jiran amsa Su'ad ta haihu, ta tafi Kano zaman jego. Kwana biyu kafin arba'in amsar ta shigo wayarta tana tsaka da dama kunun kanwa. Sun yaba. Ɗaya daga masu dubawar ya ce bai taɓa ganin wanda ya bi abu ɗaya tsawon wannan lokaci ba. Sharaɗi ɗaya suka kafa: jimlar da ke cikin maƙalar ba ta isa ba, suna son lambobin kowane ɓera ɗaya bayan ɗaya, da rukuninsa, don duk mai so ya sake lissafin da kansa. Sun ba ta kwana sittin. Ta bar kunun ya yi gudaji, ta zauna bakin ƙofa tana dariya ita kaɗai. Kwafe lambobi daga littafi zuwa kwamfuta ai ba aiki ba ne ga wadda ta yi shekara talatin tana rubuta su.

Ta iso Zariya da hantsi, damina ta zauna sosai, lungunan Kona duk taɓo. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin littattafai. Kwalayen suna nan, an ma jera su fiye da yadda ta bar su, an ɗora su a kan katako, an sa ganyen darbejiya a tsakani. Ƙamshin turaren wuta ya kama su. Ta ɗauko littafin farko ta buɗe.

Ganyen littafin ya fi bangon gajarta. Abin da ta fara lura da shi ke nan, har ta ɗauka idonta ne. An yanke saman shafin, faɗin yatsu biyu, yanka miƙaƙƙe ɗoɗar kamar daga kamfani. Lambobin suna nan cif, ko ɗigo bai ɓata ba. Layin sama ne babu. Ta juya shafi, haka. Ta juya goma, haka. Ta jawo na biyu, na bakwai, na ƙasan kwali na ƙarshe. Ta zauna a ƙasa dirshan.

Tana nan masu ɗaukar karatu suka watse daga zaure, ta ji takun yayanta. Malam Abdulwahab ya doshi saba'in da biyar, dogo, siriri, hannunsa bai rawa. Duk birnin an san shi da gyaran tsofaffin littattafai: wanda gara ta ci, wanda ruwa ya taɓa, shi ake kawo wa ya liƙe ya ɗinke ya yi masa gafaka. Ya tsaya bakin ƙofa fuskarsa a sake.

"Sannu da hanya, Sailuba. Ya mai jego, ya jariri? Au, har kin gani."

"Yaya Malam, me ya sami littattafaina?"

"Ai shanyar shekara na zo yi wa na Malam kafin ruwa ya kankama, na ce bari in haɗa da naki. Ina buɗewa wari ya doke ni." Ya ɗan kau da kai. "Na wancan abin. Ga jini a wasu shafukan, har da sawun yatsa. Ga sunan Allah a kai, kowane shafi, Sailuba, kowane shafi. Kwana biyu na kasa cin abinci. Na ce wannan baiwar Allah da kyakkyawar niyya ta yi, ba ta lura ba ne. Kar a zo ranar tsayuwa a tambaye ta, ni kuma na gani na yi shiru."

Ta sake duban littafin da ke hannunta. Shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin mamaki, ya ci gaba da ɗan alfaharin mai sana'a.

"Kwana talatin da huɗu, littafi ɗaya kullum, tsakanin azahar da la'asar. Da rula na yi. Ki duba da kyau, lissafinki ko harafi ɗaya ban taɓa ba."

"Guntayen fa? Ina guntayen da ka yanke?"

"Na yi musu yadda ake yi. Sabon kasko na sa aka sayo, na ƙona su, tokar na binne ta a gindin katangar gabas inda ƙafa ba ta takawa."

Ta tashi da ƙyar, ta ratsa tsakar gida, mata na yi mata sannu da zuwa ba ta ji. A gindin katangar gabas akwai ɗan wuri da aka kewaye da duwatsu huɗu. Ta durƙusa ta tona da hannu. Ruwan sama ya yi kwanaki yana sauka a kai. Abin da ta ɗebo baƙin taɓo ne mai laushi, ya bi ta tsakanin yatsunta ya zuba.

Da a ce mugunta aka yi mata da ta samu sauƙi. Da ta yi kururuwa, ta tara dangi, ta kwashe kayanta ta bar gidan, ta samu wanda za ta tsana har ta mutu. To amma wa za ta tsana? Tsoho ne ya duƙa kwana talatin da huɗu da reza, bayansa na ciwo, don ya tsamar da ƙanwarsa daga wuta. Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta koma ta same shi yana tsaye inda ta bar shi, ta yi masa bayani a hankali, muryarta ba ta ko tashi ba. Ta ce lambobin nan duka awon ƙwaƙwalwar ɓeraye ne, amma wanne ya sha, wanne bai sha ba, a layin sama yake. In babu shi, lambobin ba su da uwa ba su da uba.

"Ba rubutun boko ne ƙanana a gefe ba? Na ɗauka kwanan wata ne."

"Har da kwanan wata."

"To ai a jere suke. Na farko na farko ne, na biyu na biyu."

"Ba a jere suke ba, Yaya Malam. Da gangan muka hargitsa su."

Ya dube ta, ya dubi kwalayen. Bai gane dalilin da zai sa mai hankali ya hargitsa aikinsa da gangan ba, amma ya gane fuskarta. Ya nemi bango ya dafa.

Washegari ta hau Keke Napep ta fita ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Jukun, gidan Baba Dogara. Shekara talatin da ɗayan nan tare suka yi ta. Shi ke ciyar da ɓerayen, shi ke haɗa ruwan shansu, kuma shi kaɗai ya san wanne ne wanne har sai ta gama awo. Dabararsu ce, tun farkon aiki: ya zuba murafun kwalba masu lamba a gwangwanin madara, ya girgiza, wanda ya fito shi zai kawo mata. Ta auna ba tare da ta san rukuninsa ba, don kar son zuciya ya ja mata hannu. Sai ta rufe awon ya karanto mata abin da ke katin kejin, ta rubuta a layin sama. Ta sha yin alfahari da wannan tsari a gaban ɗalibai.

Ta same shi a ƙofar gida kan benci, yanar ido ta rufe masa ɗaya. Da ya ji labarin ya daɗe yana riƙe da haɓa.

"Katunan keji fa, Baba Dogara? Ko da na 'yan shekaru ne."

"Haba Dakta. Katin da ya sha fitsarin ɓera? Ke kika ce in riƙa haɗawa da dusar katako ina ƙonawa duk ƙarshen gwaji, saboda cuta."

"Ni na ce."

"Akwai dai wanda nake tunawa. Wani mai yankakken kunne da ya cije ni shekarar da firiza ta ƙone, na barasa ne, mako goma sha biyu. Wannan ko a kabari aka tashe ni zan faɗa." Ya yi 'yar dariya, ya ga ba ta taya shi ba, ya bari. "Ɗaya ke nan cikin dubu biyu da wani abu. Ki yi haƙuri, Dakta. Wallahi da ana buɗe kai a duba da na ce ki buɗe nawa."

Ta dawo gida ta rufe kanta a ɗaki da kwalayen. Mako uku tana fama. Kwamfutarta na da jimlar kowane rukuni, wadda ta riƙa fitarwa duk ƙarshen shekara da injin lissafi na hannu, don haka ta gwada bi ta baya: wane shafi da wane shafi za a haɗa su ba da wannan jimla? Ta samu haɗi ɗaya ya yi daidai, ta yi hamdala. Kafin la'asar ta samu wani haɗin dabam shi ma ya yi daidai, washegari na uku. Ta gwada bin launin tawada, ta gwada bin sauyin rubutunta daga ƙuruciya zuwa tsufa. Wannan ya ba ta shekara, wani lokaci har wata, amma bai ba ta rukuni ba.

Abin da ya fi damunta shi ne, ta sani. Ido ya saba. In ta dubi shafi ta ga cin sukari ya faɗi ƙasa, zuciyarta na cewa wannan ɗan barasa ne, mako goma ko sha biyu. Cikin goma za ta canki takwas, wataƙila tara. Su'ad ma da ta kira ta ji muryar uwarta, abin da ta faɗa ke nan.

"Mama, ke fa kika yi aikin nan. Ba ƙarya za ki yi ba, abin da kika sani za ki mayar. Wa zai zo daga Turai ya duba littafinki a Kona?"

"In na ce duk mai ƙaramar lamba shi ya sha, sannan na ce ga shi na gano masu sha lambarsu ƙarama ce, me na gano, Su'ad?"

"Amma ai gaskiya ne!"

"Ina jin gaskiya ne. Shekara talatin na yi don in daina cewa ina jin."

Ta kashe wayar, amma maganar ba ta mutu ba. Ta bi ta wurin alwala, ta bi ta kan sallaya. Tara cikin goma. Akwai waɗanda suka zama farfesoshi da abin da bai kai haka ba, ta san su, ta ci abincin walimarsu. Ga sunanta zai fito sau ɗaya a inda ake ganin suna. Ga wani likita wata rana, a wani gari, zai karanta ya san a wane mako zai fara tsoro. Ga Suhaib. Kullum in ta kai kan Suhaib sai ta tashi ta fita tsakar gida ta tsaya kamar mai neman wani abu.

Shi kuwa Malam Abdulwahab tun ranar bai ƙara zama cin abinci a zaure da mutane ba. Karatu ma ya ce a ɗan dakata masa. Ya aiko a karɓar masa littafi ɗaya cikin talatin da huɗun, ta bayar ba ta tambayi dalili ba, don me ya rage da za a ɓata? Saura kwana tara wa'adin mujallar ya cika, da safe bayan an share tsakar gida, ya yi sallama a ƙofar ɗakinta. Rabon da ya tako sashen mata har ƙofar ɗaki tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta shimfiɗa masa darduma ya zauna, ya ajiye littafin a gabanta.

Ta buɗe. Ya mayar wa kowane shafi kansa. Ya nemo takarda mai kalar tsohuwar, ya yanka faɗin yatsu biyu, ya liƙa da ƙaro siriri yadda sai ka shafa da yatsa za ka ji gaɓar. Har layin shuɗin ya ja da rula ya haɗu da na ƙasa. Shafi ɗari da arba'in, kowanne da sabon layin sama, fari fat.

"In kin ga ya yi, sauran ma zan yi. In na haɗa da safiya, biyu kullum zan iya." Bai dube ta ba. "Sai ki rubuta abin da ke wurin."

"Ya yi kyau, Yaya Malam. Ban taɓa ganin gyara irin wannan ba."

Ta rufe littafin. A waje wata na daka, wata na kiran kaji. Ya ɗauki carbinsa ya mayar ya ajiye.

"Ni na riƙe makullin," ya ce.

Ta ɗago kai.

"Ɗakin ƙurya. Malam ya ba da umarni, amma makullin a aljihuna ya kwana biyar. Ran na huɗu ya kira sunana ta taga, ya ce Yaya ko cokali ɗaya ne. Na ce masa ya yi ta istigfari." Ya sake ɗaukar carbinsa. "Na san ba iska ba ce, Sailuba. Tun ranar na sani. Giya ce." Karo na farko ke nan da ta ji kalmar a bakinsa. "Shekara arba'in ina so in tambaye ki, na kasa. Abin da ke cikin littattafan nan, ya faɗa? Da ba mu kulle shi haka ba, da an bi a hankali, da yana nan?"

Ta dubi tsohon nan da ya rame cikin wata ɗaya har hularsa ta yi masa yawa. Abin da likitoci suka sani ta san shi, kuma da ta faɗa masa a gaban ɗalibai ne da ba ta tauna ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma bai sake ta ba, duka biyun a lokaci ɗaya.

"Abin da na tafi nema ke nan," ta ce. "Na kusa in iya faɗa da hujja. Yanzu ban sani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya tashi da dafa gwiwa, ya fita. Takalminsa ɗaya ma sai da ya laluba sau biyu kafin ya samu.

Ta jawo littafin kan cinyarta. Shafin farko: cin sukari ya faɗi warwas a sashen da ke riƙe tunani. Ɗan barasa ne, mako goma sha biyu, ba bitamin. Ta san shi kamar yadda ta san fuskar 'yarta. Kwana tara, in ta zauna daga asuba zuwa magariba, ta cike na kwamfuta kai tsaye, shi kuma ya bi da liƙi a hankali, ba mahaluƙin da zai taɓa ganewa. Ta ɗauko biro ta cire murfin. Ta ce a ranta guda ɗaya kawai za ta gwada, ta ga yadda zai zauna a ido.

Ta ɗora biron a kan farar takardar. Kafin ta yi wani tunani hannun ya riga ya tafi inda ya saba tun tana 'yar shekara bakwai, tsakiyar layi, daga dama zuwa hagu. Ta ga bisimilla ta fito da rubutun gidansu, tawadar ba ta ko bushe ba.

Ta matsar da biron zuwa hagu, inda rukuni yake zama. Ta daɗe a haka. Dakan waje ya tsaya, aka fara tankaɗe, hannunta na nan a sama bai sauka ba. Daga baya ta mayar da murfin biron.

Wasiƙar da ta tura wa mujallar layi huɗu ce. Ta gode musu, ta ce bayanan rukunin dabbobin sun salwanta ta hanyar da ba za a iya dawo da su ba, don haka ta janye maƙalar. Ba ta faɗi yadda aka yi ba. Suka amso da cewa sun yi baƙin ciki, kuma in ta sake gwajin nan gaba ƙofarsu a buɗe take. Ta karanta wannan sau biyu, ta kife wayar.

Ba ta gaya wa yayanta ta janye ba, shi kuma bai tambaya ba. Bayan kwana biyu ya aiko a karɓar masa littafi na biyu. Ta buɗe baki za ta ce a gaya masa ya bari, sai ta tuna yadda ya laluba takalminsa, ta miƙa. Yanzu kullum tsakanin azahar da la'asar, in ta bi ta bayan zaure, tana jin ƙarar rezarsa a kan rula. Duk wanda ya gama ya aiko mata, ta karɓa ta ce a yi masa sannu, ta jera a kwali. Ya kai na goma sha tara.